Sule Mai Ɗigo Uku

Ko da wata rana zan manta da ranar da aka ɗaura mini aure (Allah Ya sa matata Hajara ba za ta ga wannan rubutu ba), ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da makarantarmu ta yi taron iyaye da malamai. Ranar ce na tsaya gaban jama'a da farar safar hannu kamar mai shirin yi wa mutum tiyata, na yi lacca a kan sule. Ba Sule ɗan Adam ba, sule na kuɗi.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare da ke Unguwar Sanusi a Kaduna, kuma ina fama da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis: tara tsofaffin kuɗin azurfa. Wani tattabaru yake kiwo, wani ƙwallon Turai ce ke hana shi cin abinci, ni kuwa taro da sisi da sule da fataka na zamanin Turawa su ne suka tafi da hankalina. Abin ya faro ne daga wani sisi da na tsinta a ƙasan adakar kakata bayan rasuwarta. Tun daga nan ba gidan tsohuwar da zan shiga gaisuwa ban tambaya ba, "Iya, babu ɗan tsohon kuɗi a kwalla?"

Wanda bai san harkar ba zai ce ai sule duk sule ne, gefe ɗaya kan sarkin Ingila da kambinsa, ɗaya gefen bishiyar kwakwa. To, ba haka ba ne. Da hatimin ƙarfe ake buga kowane kuɗi, kuma hatimi yakan gaji, ya tsage, a sassaƙa sabo. Sabon kuwa ba ya taɓa zama daidai da tsohon. Sai ka ga wani harafi ya ɗan karkace, ko wani ganye ya fi ɗan'uwansa tsawo, ko wata 'yar alama a gindin bishiyar da ke nuna masana'antar da ta buga shi. Waɗannan 'yan bambance-bambancen su ne zumar abin a wurinmu. Wanda ya gano wani iri da ba a taɓa rubutawa ba, sunansa ya shiga littafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, shiga littafin nan nake so kamar in mutu.

Yadda nake riƙon kuɗin nan kuwa, ko jaririn kwana uku albarka. Kowanne da ɗan gadonsa na auduga. Ba na taɓa su sai da safar hannu, ba na barin ɗaya ya gogi ɗaya, balle a ce ya faɗi ƙasa. Wata rana Hajara tana tankaɗe tana kallona ina ta leƙe da gilashin ƙara girma, sai ta ce, "Malam, ni fa kakata in aka ba ta kuɗi irin wannan, yar da shi take yi a daɓe ta saurara."

Na ce, "Kakarki kashewa za ta yi, ni adanawa nake yi. Wannan ilimi ne, Hajara."

"To, Allah Ya ƙara ilimi," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Akwai wani ɗan ɗaki a makarantarmu kusa da laburare, cike da karyayyun kujeru. Shekara biyu ina mafarkin mayar da shi ɗakin tarihi, inda yara za su ga abin da kakanninsu suka riƙe da hannu, ba kullum sunayen sarakuna a allo ba. Matsalar ita ce ba ni kaɗai ke hangensa ba. Malam Yohanna, malamin wasanni, wanda kowa ke kira Koci, shi ma yana son ɗakin don ya zuba ƙwallaye da raga da rigunan 'yan wasansa. Mutumin Zonkwa ne, aminina ne, kwano ɗaya muke ci a wurin mai shinkafa da wake, amma a kan ɗakin nan ba sani ba sabo. Shi ne ya laƙaba mini Farfesa, kuma ba don girmamawa ba.

Da muka ishi firinsifal ɗinmu, Madam Rifkatu, da sintiri a ofis, sai ta cire tabarau ta ce, "Abeg, ku bar cika mini kunne. Tun daga gidana a unguwar Romi nake tahowa da ciwon kanku. Ranar taron iyaye kowa ya nuna abin da yake da shi. Wanda iyaye suka fi yi wa tafi, ɗaki nasa ne."

Ana cikin haka sai Allah Ya jefo mini abin da na ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe. Na je gaida goggona a unguwar Maƙera, can tsallaken kogi, wata tsohuwa maƙwabciyarta ta zazzage mini ƙasan kwallarta, sai ga sule ya gangaro tare da maɓallai da tsohon kwalli. Da na sa gilashi, sai na ga abin mamaki. A ƙarƙashin wuyan sarki akwai ɗigo uku ƙanana, a jere kamar duwatsun murhu. Na juya bayansa, sai na ga reshe ɗaya na bishiyar ya lanƙwashe, ba kamar na sauran sulallana ba. Na bincika duk littattafan da nake da su, na duba a waya har idona ya yi ja. Babu. Ba wanda ya taɓa ambaton irinsa.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na bazama gida-gida a Maƙera, duk ƙarshen mako, ina gaisuwar da ba a gayyace ni ba. Kafin wata uku na haɗa guda bakwai, duk da ɗigo uku, duk da lanƙwasasshen reshe, kuma duk a Maƙera. Na tura hoto a guruf ɗinmu na masu tara tsofaffin kuɗi. Kowa na ta sambarka, sai wani dattijo daga Jos ya rubuto, "Malam, ka auna nauyinsu kuwa?" Na ce a raina, ka ji hassada. Ban ba shi amsa ba.

To me zai sa a samu irin kuɗi guda a unguwa guda? Sai na zauna na ƙera amsa da kaina. Na ce lalle an buga su ne musamman a Ingila domin biyan ma'aikatan da suka gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin Kaduna, su kuma suka zauna a wancan tsallaken. A makon farko ina cewa "wataƙila". A mako na biyu ya koma "da alama". Kafin ranar taro ya zama "kamar yadda tarihi ya tabbatar". Wane tarihi? Ni ne tarihin.

Ranar Asabar aka kafa kanofi, aka jera kujerun roba, lasifika na ta ƙugi. Iyaye sun cika fili, 'yan kasuwa da ma'aikata da tsofaffin masaƙa, wasu da hula wasu da ɗankwalin zumuntar mata. Koci ne ya fara. 'Yan wasansa suka fito da sababbin riguna, suka yi ta juya ƙwallo a ka da ƙirji, aka yi musu tafi mai kyau. Da zai zauna ya raɗa mini, "Farfesa, sai ka zo taya ni share ɗakina."

Na miƙe da babbar riga ta shadda mai ɗaukar ido, gilashi a rataye a wuya, safar hannu fara fat. An ɗora mini tebur a barandar ofis, na jera dukiyata a kai. A tsakiya ga 'yan bakwai ɗina a kan jan ƙyalle, a bayansu ga kwali da na rubuta da manyan baƙaƙe: SULE MAI ƊIGO UKU NA KADUNA. BABU IRINSA KO A INGILA. (A duk abin da na faɗa ranar, wannan layi na biyu ne kaɗai ya tabbata gaskiya.)

Kai, na yi magana! Na kai su Ingila na dawo da su. Na kwatanta musu jirgin ruwa ɗauke da akwatunan sulalla, na kwatanta leburori a bakin kogi suna karɓar ladansu. Har na ce wataƙila ɗigo ukun nan suna nufin ginshiƙan gadar ne. Na hango Hajara a layi na biyu tana gyaɗa kai, na ce a raina yau ta san wa ta aura. Madam ma na rubuta wani abu a takarda. Da na gama aka yi tafi, kuma wallahi ya fi na Koci. Da na yi shiru a nan na koma kujerata, da yanzu ba ku da labarin da za ku karanta. Amma baki shi ke yanka wuya. Sai na buɗe hannu na ce, "Ko akwai mai tambaya?"

Can baya wani tsoho ya ɗaga sandarsa. Ɗan ƙaramin dattijo ne da farar jamfa wadda ta sha wanki, ya zo ne a madadin ɗansa, uban wata ɗalibarmu. Daga baya na san sunansa Baba Ilu. Ya ce, "Malam, idona ba ya kaiwa nesa. Ko zan matso in gani?"

Na ce, "Bismillah, Baba, ai domin ku aka yi."

Ya tako a hankali har baranda. Da ya miƙa hannu zai ɗauka, na yi wuf na miƙa masa safa. Ya dube ta, ya dube ni, ya nuna mini yatsunsa, baƙaƙe ƙirin, duk tabon wuta.

"Ɗana, hannun nan ya fara taɓa azurfa tun ba a yi maka askin suna ba."

Aka ɗan yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ya ɗauki ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ko gilashi bai nema ba. Ya murza babban yatsansa a ƙarƙashin wuyan sarki, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya ga tsohon aboki a tasha. "Allahu Akbar," ya ce wa sulen, "ashe kana nan."

Jama'a, daɗi ya kashe ni. Ga shaida daga sama! Na ɗaga murya na ce, "Kun ji ko? Baba ya san kuɗin nan! Baba, gaya wa jama'a abin da ka sani." Kuma na kai masa makirufo bakinsa. Da hannuna. Ba wanda ya sa ni.

"Na san shi mana," in ji Baba Ilu, lasifika ta kai muryarsa har bakin geti. "Ai ni na yi masa ɗigon."

Kowa ya juyo ya zuba mini ido.

Na ce, "Baba... wato kana nufin ka taɓa ganin..."

"A'a, ni na buga shi. Mu maƙeran azurfa ne, a nan Maƙera rumfar mahaifina take. Ina saurayi mata kan kawo mana tsofaffin sulalla mu narkar, mu yi musu zobe da awarwaro. To, a ciki akan samu jabu, na dalma, an shafe shi ya yi fari. In muka gano shi sai mahaifina ya ce, Ilu, ɗiga masa. Sai in ɗauko ɗan ƙarfe in buga masa uku a wuya, mu mayar wa mai shi. Don kada ta zaga ta kai wa maƙerin gaba, shi ma ya ɓata gawayinsa. Duk layinmu an san alamar."

Na ji wani gumi ya tsinke mini tun daga ƙarƙashin hula. Amma mai neman shiga littafi ba ya saurin sallamawa. Na ce, "To amma Baba, reshen nan da ya lanƙwashe fa?"

"Hannun mai jabun ne ya goce."

"To... me ya sa duk a Maƙera na same su, har bakwai?"

"Yo na kirkin ai mun narkar da su, suna hannun iyayenku mata. Jabun ne ba mai so, shi ya sa suka yi tsawon rai." Ya dube ni da tausayi na gaskiya, wanda ya fi zagi ciwo. "Kai ba ka taɓa yar da su ƙasa ka ji ba? Azurfa ai ba ta ɓoye muryarta. Kawo abin maganar nan kusa da siminti."

Kafin in motsa, Koci ya yi tsalle ɗaya ya hau baranda, ya karɓe makirufo, ya durƙusa ya kara shi a ƙasa. Ban taɓa ganin ya yi wa wani aiki irin wannan sauri ba. Baba Ilu ya ɗauki wani sule na gama-gari daga gefen tebur, wanda ko kallo ban yi masa ba a laccata, ya sake shi.

Tiiiiin! Ƙara siririya, mai daɗi, ta daɗe tana yawo a lasifika kafin ta mutu. Har wata mata ta ce, "Ayyo, kuɗin da!"

Sannan ya saki mai ɗigo uku.

Kwaf.

Shi ke nan. Kwaf, kamar an yar da ɗanyen ƙwallon mangwaro. Bai ko gangara ba, nan ya kwanta. Na ce a raina, ya Allah, ko ɗaya ne ya yi kuka a fitar da ni kunya. Baba ya ɗauki na biyu. Kwaf. Na uku. Kwaf. Daga na huɗu ɗalibai suka karɓe ƙidaya da baki ɗaya, irin yadda ba su taɓa amsa mini a aji ba: "Huɗu! Kwaf! Biyar! Kwaf!" Kafin a kai na bakwai fili ya kece. Koci ya kwanta a baranda yana dukan siminti. Madam ta cire tabarau tana share hawaye da gefen zani. Na nemi Hajara da ido ko zan samu mai jin tausayina, sai na ga ta lulluɓe fuska da mayafi, kafaɗunta na ta rawa. Ina tsaye da farar safa da ta jiƙe sharkaf, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, amma simintin makarantarmu mai ƙwari ne, yanzun nan ma aka gwada shi.

Na karɓi makirufo na yi gyaran murya, na ce, "To, jama'a, wannan shi ne abin da masana ke kira tarihin baka."

Koci ya ɗago daga kwance ya ce, "Tarihin kwaf dai, Farfesa!" Aka sake fashewa.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin ajandar taro. Wata mata ta cire zobenta ta ce, "Baba, don Allah duba mini wannan." Kafin ka ce kwabo an yi layi, mata na ta tuɓe zobba da awarwaro, Baba Ilu na zaune a kujerar shugaban taro yana saki yana saurare. Wanda ya yi kuka a yi guɗa, wanda ya ce kwaf a yi ihu. Wata 'yar kasuwa mutuniyar Binuwai da nata ya ce kwaf, ta ɗauke shi ta ɗaure a bakin zani ta ce, "Ba komai. Baban Terna zai yi mini bayani a gida." Tsakanin gwaji da gwaji tsohon yana ba da labarin rumfarsu, da yadda ake hura zugazugi, da yadda fataka ɗaya ke zama zoben amarya. Yaran da ke barci a ajina ko ƙiftawa ba sa yi, iyaye kuwa sai tafi suke yi masa. Ya bi sauran kuɗina ma ɗaya bayan ɗaya, alhamdulillahi yawancinsu suka yi kuka. Da ya zo kan sisin kakata sai ya sake shi sau biyu don daɗi, ya ce, "Wannan ka riƙe shi da kyau." Nan ne kaɗai na ji numfashina ya dawo.

Da aka watse Madam ta kira mu ofis, ni da Koci. Na shiga na riga na haƙura da ɗaki. Ta ce, "Malam, bari in gaya maka gaskiya. Tafin ƙarshen nan ba naka ba ne, na Baba ne. Dariyar ce taka."

"Na sani, Madam."

Sai Koci ya dafa kafaɗata, har lokacin idonsa jajir don dariya. "Madam, ki ba shi. Ƙwallayena za su iya kwana a buhu. Amma da sharaɗi: 'yan bakwai ɗin nan a gaba za a ajiye su, kuma ni zan riƙa kawo baƙi."

Haka aka yi. Yau in ka shiga ɗakin tarihinmu, abin da za ka fara gani su ne, a kan jan ƙyallensu, da sabon kwali mai faɗin gaskiya. Kusa da su akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙusa, wanda Baba Ilu ya kawo mana bayan mako guda a naɗe cikin tsumma, shi ne abin ɗigon. Na bar wani lungu babu leda a ƙasa, inda kowane ɗalibi ke da izinin sakin sule biyu ya ji bambanci da kunnensa. Littafi kuwa ban shiga ba, amma na samu suna. Daga bakin geti har wurin mai shinkafa da wake, ba Farfesa ba ne kuma, Malam Kwaf ne. Har dattijon nan na Jos na rubuta wa na ba shi haƙuri.

Sai dai ban gaya muku gwajin da ya fi tsinka mini zuciya ba. A ranar, ni da Hajara muka hau keke mai ƙafa uku muka koma gida. Muna shiga tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta zare awarwaron da na kai mata tun ina zuwa zance. Wanda na rantse mata azurfa ne tsantsa (ni ma rantsuwa mai sayarwa ya yi mini, ban gwada ba). Ta ɗaga shi sama da daɓe, ta kalle ni.

"Malam, in yi irin na kakata?"

Wallahi duk gumin da na yi a baranda wasa ne. Na tuna Baban Terna, bawan Allah da ban taɓa gani ba, na ji ya zama ɗan'uwana. Na rufe ido.

Tiiiiin!

Ta sunkuya ta ɗauka, ta hure ƙura, ta mayar hannunta. "Ka ci sa'a," ta ce. "Cire safar nan ka zo ka ci abinci."

Tun daga ranar na ɗauki darasi. Duk abin da kake lallaɓawa cikin auduga ba ka so ya taɓa ƙasa, kuɗi ne ko labari, ka daure ka yar da shi a siminti tun kana kai kaɗai a ɗaki. In ba ka yi ba, akwai tsohon da zai yi maka a gaban jama'a, kuma kai da hannunka za ka miƙa masa makirufo.